Kammala Yarjejeniyar IVA Kafin Wa'adi da Kuɗi a Dunƙule: Tambayoyi da Amsoshi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ya shiga yarjejeniyar IVA a Birtaniya, wato yarjejeniyar biyan bashi da masu bin sa, nasa ya fito fili: sunansa na cikin rajistar hukuma, kuma duk wata sai an cire wani abu daga albashinsa har shekara biyar ko shida. Shi ya sa da zarar wani ɗan'uwa ya ce zai taimaka, ko wasu kuɗi suka shigo hannu, tunanin farko shi ne a biya gaba ɗaya a huta. Ana iya yin haka, kuma mutane da yawa sun yi. Sai dai abin da ya fi yawan ɓata lamarin shi ne rashin sanin kuɗin na wane ne a idon doka, da kuma tura su kafin lokacin turawa ya yi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa.

Mece ce IVA, kuma wa wannan bayani ya shafa?

IVA yarjejeniya ce ta doka tsakanin wanda bashi ya fi ƙarfinsa da masu bin sa. Dokar karayar arziki ta 1986 ce ta kafa ta a Ingila da Wales, Ireland ta Arewa kuma tana da tata dokar ta 1989 mai kama da ita. Mutum yana biyan abin da zai iya duk wata, yawanci wata 60, wani lokaci 72, ana dakatar da ruwa da tarar jinkiri, masu bin bashi su daina damunsa, idan ya kammala kuma a yafe ragowar. Wani ƙwararre mai lasisi ne ke riƙe da yarjejeniyar, shi ke karɓar kuɗin ya cire ladan aikinsa ya raba sauran. A nan za mu riƙa kiransa mai kula.

Wanda ke Sikotlan wannan bayani bai hau kansa daidai ba, domin can tsarinsu daban ne da dokarsu. Sannan kowace IVA tana da nata sharuɗɗa a rubuce. Galibin na ma'aikata masu albashi suna bin ƙa'idar bai-ɗaya da aka fara amfani da ita a 2008 kuma aka sha sabunta ta, don haka shekarar da ka shiga tana iya canza wasu amsoshin. Ka nemo takardarka ka ajiye a gefe kana karanta wannan.

Da gaske ana iya gama ta kafin wa'adin ya cika?

Ana iyawa, ta hanya biyu da mutane ke yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce ka biya dukan bashin asali, kwabo bai yi ciwon kai ba, haɗe da ladan mai kula, wani lokaci har da ruwa idan sharuɗɗanka sun ce haka. Wannan ba ta buƙatar roƙon kowa, amma kaɗan ne ke da halin yin ta.

Ta biyu, wadda ita ce maganarmu, ita ce ka yi wa masu bin ka tayi: ga wani adadi a dunƙule, ku karɓa a madadin sauran biyan wata-wata, a rufe maganar. Wannan canza yarjejeniya ne, don haka sai an kaɗa ƙuri'a. A ƙarƙashin sharuɗɗan da aka saba, ana buƙatar amincewar masu kashi 75 cikin 100 na bashin, a cikin waɗanda suka yi zaɓen. Da girman bashi ake ƙidaya, ba da yawan kawuna ba. Bankin da ke bin ka kashi 30 cikin 100 na bashin zai iya rushe tayin shi kaɗai, ko da sauran duk sun yarda.

Me zai sa su yarda su karɓi ƙasa da abin da na yi alkawari?

Saboda su ma lissafi suke yi. Sun san ba kowace IVA ce ke kaiwa ƙarshe ba: mutum na iya rasa aiki, ya kwanta ciwo, aure ya mutu, haya ta tashi. Idan ta rushe, sau da yawa abin da za su samu bai taka kara ya karya ba. Kuɗin da ke hannu yau, babu jira babu fargaba, sun fi musu wanda za a riƙa tsakurowa cikin shekara biyu. Mafi yawan manyan bankuna da kamfanonin da ke sayen bashi ma ba da kansu suke zaɓe ba, suna da wakilai da ke duba irin waɗannan tayi kullum, kuma abin da suke kallo shi ne kwabo nawa za su samu a kan kowane fam, idan aka kwatanta da abin da aka yi musu alkawari tun farko.

To nawa ya kamata in yi tayi?

Ka fara daga abin da ya rage na biyan wata-wata, ba daga bashin asali ba. Nan ne mutane da yawa ke karaya ba gaira ba dalili, suna ganin sai sun nemo dubun-dubatar fam. A ɗauki misali: ana bin mutum fam 24,000, ya shiga IVA yana biyan fam 180 a wata na wata 60. Jimillar alkawarinsa fam 10,800 ke nan. Ya biya wata 36, wato fam 6,480, saura wata 24, wato fam 4,320. Wannan fam 4,320 ita ce ma'aunin. Tayin da ya yi kusa da ita yana da ƙarfi sosai. Idan ya ce fam 3,500 zai bayar, masu bin sa za su tashi da tukunyar fam 9,980 maimakon 10,800, kuma su same ta shekara biyu kafin lokaci.

Babu wani kaso da doka ta ƙayyade cewa shi ake karɓa, kuma duk wanda ya ce maka tabbas za a karɓi rabi, hasashe yake yi. Abin da ke sa a karɓi tayi mai rauni shi ne dalili mai ƙarfi: an rage maka awannin aiki, likita ya rubuta cewa ba za ka ci gaba da aikin da kake yi ba, kwangilarka ta kusa ƙarewa, an yi ƙarin haihuwa kuma kasafin gida ya daina ɗauka. Wanda albashinsa ke tafiya lafiya, har ma ana sa ran ƙari, ba shi da hujjar neman ragi mai yawa, domin masu bin sa sun san jira ba zai cutar da su ba.

Kada ka manta da abin da ke iya ƙaruwa a kan ma'aunin: watannin da ka tsallake aka ɗora a ƙarshe, kason kuɗin aikin ƙarin lokaci da ba ka miƙa ba, da wata 12 na masu gida da za mu yi bayani a ƙasa. Ka nemi mai kula ya rubuto maka adadin da ya rage da abin da ya shiga cikinsa kafin ka ambaci ko sisi. Ni a ganina gara a yi tayi na gaskiya tun karon farko da a fara da ƙasa-ƙasa ana jiran ciniki, domin kowane zagaye na ƙuri'a makonni yake ci.

Daga ina ya kamata kuɗin su fito?

Daga hannun wani, kuma su zama kyauta: iyaye, yaya ko ƙane, miji ko mata daga dukiyarsu ta kansu, aboki, ko ƙungiyar taimako. Dalili kuwa shi ne masu bin ka ba su da haƙƙi a kan dukiyar yayanka. Shi ne zai ce, ina da fam 3,500, zan ba da su da sharaɗin a rufe yarjejeniyar ƙanena, idan ba a yarda ba kuɗina na nan a wurina. Wannan sharaɗin shi ne duk ƙarfin tayin. Ko su karɓa, ko su rasa.

Saboda haka kada kuɗin su shiga asusunka kafin a kaɗa ƙuri'a. Ina jaddada wannan domin shi ne kuskuren da ya fi zafi. Da zarar an tura maka su babu sharaɗi, sun zama naka, kuma mai kula na iya ɗaukar su a matsayin garaɓasa, ya zuba su cikin tukunya, kai kuma ka ci gaba da biyan wata-wata kamar ba a yi komai ba. Su zauna a asusun mai bayarwa. Idan kamfanin ya ce sai an ajiye su a wurinsa kafin zaɓe, a samu rubutacciyar shaida cewa amana ce kuma za a mayar wa mai su idan aka ƙi tayin.

Mahaifina ya rasu an raba gado. Ba zan iya yin tayi da kasona ba?

Allah ya jiƙansa da rahama. Amsar ba mai daɗi ba ce: gadon da ya faɗo maka kana cikin IVA ba naka ba ne da za ka yi ciniki da shi. Kusan kowace yarjejeniya tana da sharaɗin garaɓasa, wanda ya haɗa da gado, diyya, kyauta mai tsoka da makamantansu. A ƙa'idar bai-ɗaya, abin da ya haura fam 500 sai ka sanar da mai kula cikin kwana 14, kuma ana zuba shi cikin tukunya har sai an biya bashin asali gaba ɗaya da ladan aiki. A misalin da muka kawo, idan mutumin ya gaji fam 10,000, duka za su tafi, kuma zai ci gaba da biyan fam 180 ɗinsa, domin har yanzu bai cike fam 24,000 ba. Sai idan gadon ya isa ya share komai ne yarjejeniyar za ta rufu, a ba shi canjinsa.

Kasancewar gadon yana Kano ko Zinder ko Kumasi bai canza komai ba. Gona ce, shago ne, kaso ne a gidan gado, duk dukiyarka ce a idon yarjejeniyar. Na san abin da zuciya ke raɗawa: wa zai sani? Wasu har sukan miƙa kason ga ɗan'uwa ya dawo da shi da sunan kyauta. Kada ka yi. Yi wa masu bin bashi ƙarya don su amince laifi ne a dokar 1986, kuma idan abin ya fito, ana iya rushe yarjejeniyar, bashin ya dawo da ruwansa, a kai ka kotu a ayyana ka a matsayin wanda ya karye. Abin da ya dace shi ne ka faɗa wa mai kula halin da ake ciki: gidan na magada goma sha ne, ba a sayar ba, ga ƙimar kasonka a naira ko sefa. Sau da yawa idan aka juya shi zuwa fam, abin bai kai yadda ake tsoro ba, kuma a kan wannan ƙimar ake iya zama a daidaita.

Yayata da ke gida ce za ta turo kuɗin. Waɗanne takardu za a nema?

Wasiƙa da sa hannunta, mai cewa nawa za ta bayar, kyauta ce ba rance ba, kuma da sharaɗin rufe yarjejeniyar. Sai shaidar ko ita wace ce, kamar fasfo, da shaidar adireshi, da bayanan asusunta na banki na 'yan watanni da ke nuna kuɗin suna nan da kuma inda suka fito. Dokokin hana halasta kuɗin haram ne suka wajabta wa kamfanin wannan bincike, kuma kuɗin da ke zuwa daga waje an fi tsananta musu. Idan fili ta sayar, ta ajiye takardar ciniki. Idan daga kasuwancinta ne, asusun ya nuna shige da fice.

Ki roƙe ta kada a bi ta hannun ɗan canji a ba wani a Landan ya zuba miki tsaba, ko da ya fi sauƙi. Kuɗin da ba a ga sawunsu daga asusunta zuwa asusun kamfanin ba za su jawo tambayoyin da ba ki da amsarsu. Sannan a yi tayin da fam, a bar ɗan rara saboda canji, tunda tsakanin ranar tayi da ranar biya makonni ne, naira kuma ba ta zama wuri ɗaya.

Zan iya cin rance, ko in ɗauki kwasar adashi in biya?

Kana cikin IVA ba ka da izinin cin bashin da ya wuce fam 500 sai mai kula ya yarda a rubuce. Akwai kamfanonin da ke tallar rance musamman don rufe IVA, kuma ruwansu yakan yi yawa, tunda sun san bankuna ba za su ba ka ba. Ka yi lissafi da kyau: a cikin IVA babu ruwan da ke hawa kanka, kuma idan ka shiga matsi akwai damar neman hutu ko ragi. Sabon mai rance ba ruwansa da wannan. Fita daga fam 4,320 marar ruwa a shiga rancen da za a mayar da fiye da haka, ni ban ga riba a ciki ba.

Adashi kuwa yana da fuska biyu, kuma duka biyun suna da matsala. Idan ka kwasa da wuri, bashi ne a kanka ga sauran 'yan zubi. Idan ka kwasa a ƙarshe, ajiyarka ce, kuma za a tambaye ka daga ina ka samu rarar zubi alhali ka ce abin da kake biya shi ne iyakar ƙarfinka. Idan matarka ce ke zubi daga nata albashin ta ba ka, wannan ya koma kyautar wani, sai a bi abin da muka faɗa a amsar takardu.

An sallame ni daga aiki an ba ni kuɗin sallama. Fansho kuma fa?

A ƙa'idar bai-ɗaya, sai ka sanar cikin kwana 14. Ana bar maka daidai albashin wata shida da kake kai wa gida don ka rayu kana neman aiki, abin da ya haura kuma ya shiga tukunya. Wasu sukan yi tayi da wannan kason na wata shida, musamman idan samun wani aikin zai yi wuya saboda shekaru ko lafiya, kuma ana karɓa a wasu lokuta. Amma ka tambayi kanka da me za ka ci abinci bayan ka miƙa.

Fansho ya fi buƙatar taka-tsantsan. Muddin kuɗin suna cikin asusun fansho, galibi yarjejeniyar ba ta taɓa su. Da ka ciro su, sun fito daga wannan kariya. Ana iya fara cira daga shekara 55, wanda zai koma 57 daga Afrilun 2028, kuma yawanci kashi 25 cikin 100 ne ba a cire wa haraji. Idan za ka yi tayi da su, ka yi shi da sharaɗi tun suna ciki, kamar yadda mai kyauta ke yi, kada ka cira sai an amince. Kafin nan ka yi magana da Pension Wise, shawararsu kyauta ce ga wanda ya kai shekara 50.

Yaya abin yake tafiya, kuma zan daina biya da zarar na yi tayi?

Za ka rubuta wa mai kula adadin, da mai bayarwa, da dalilinka. Zai nemi sabon lissafin shiga da fita, takardun albashi da na banki. Idan ya gamsu, zai rubuta wa masu bin bashi rahoto ya sa ranar zaɓe, tare da ba su wa'adin 'yan makonni. Ba sai ka halarta ba. Daga tayi zuwa amsa a ƙiyasta wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon saurin kamfanin da cikar takardunka. Idan kana sana'ar kanka, tuƙin tasi ko kai saƙo, kuma hukumar haraji ta HMRC na cikin masu bin ka, ka tabbata ka shigar da duk bayanan harajinka, domin ba ta son amincewa da wanda ke da giɓi.

Kada ka daina biya sai mai kula ya rubuto maka ka daina. Yarjejeniyar tana nan da ranta har ranar da aka amince. Abin da za ka yi shi ne ka sa a cikin tayin cewa duk abin da ka biya kana jiran zaɓe za a cire shi daga dunƙulen. Idan ba a rubuta ba, wata uku na fam 180 sun tafi a kan tayinka, fam 540 ke nan da ba wanda zai dawo maka da su.

Idan suka ƙi fa?

Ba abin da ya lalace. Yarjejeniyar za ta ci gaba yadda take, mai kyauta ya riƙe kuɗinsa. Sau da yawa ma ba ƙi suke yi kai tsaye ba, sukan ce a ƙara kaza. Kana iya karɓa, ko ka bari bayan wata shida ka sake gwadawa, lokacin ma'aunin ya ragu.

Ina da gida. Wannan ya canza lissafi?

Ƙwarai. Yarjejeniyoyi da yawa, musamman tsofaffi, sun ce a shekarar ƙarshe a kimanta gidan, ka yi ƙoƙarin sake jinginar da shi ka fitar da wani kaso na rarar darajarsa, idan bai yiwu ba a ƙara maka wata 12. Sababbin sukan yanke tun farko ko wata 60 ne ko 72. Ko wanne ne naka, masu bin bashi za su sa shi cikin lissafi. A misalinmu, wata 12 na fam 180 ya ƙara fam 2,160, ma'aunin ya tashi daga 4,320 zuwa 6,480. Za a nemi kimar gidan ta yanzu da takardar abin da ya rage na jingina. Idan rarar ba ta kai iyakar da takardarka ta ambata ba, ka nuna haka da hujja don a cire wannan ƙarin.

Bayan an rufe, ka duba ko an sa wa gidan takunkumi a ofishin rajistar filaye lokacin da ka shiga. Idan an sa, ka bi mai kula har sai an cire, in ba haka ba ranar da za ka sayar ko ka canza jingina zai tare maka hanya.

Ba ni da mai ba ni ko kwabo, kuma rashin lafiya ya hana ni aiki. Akwai mafita?

Akwai. Ana iya roƙon masu bin bashi su ɗauki abin da ka riga ka biya a matsayin ya wadatar, a rufe ba tare da ƙarin komai ba. An fi samun wannan idan an yi nisa da biya, kuma akwai takardar likita ko wata hujja da ke nuna halin ba mai saurin canzawa ba ne. Hanyar zaɓen ɗaya ce da wadda muka bayyana.

Idan ba a yi nisa ba, ka tambayi mai ba da shawara na kyauta ko tsarin DRO, wato umarnin hukuma na sauƙaƙa bashi ga marasa hali, ya fi dacewa da kai. Tun 2024 a Ingila da Wales an cire kuɗin shigarsa, an kuma ɗaga iyakar bashin zuwa fam 50,000. Na wanda ba shi da gida ne, rararsa a wata ba ta wuce fam 75 ba, kuma bayan wata 12 ake yafe bashin. Kada dai ka bar IVA ta rushe da kanka kafin ka san inda za ka sa ƙafa.

Idan na biya da wuri, sunana zai wanku a wurin bankuna nan take?

A'a, kuma gara ka san haka kafin ɗan'uwanka ya sayar da kadararsa. IVA tana zama a kundin tarihin bashinka shekara shida daga ranar da aka amince da ita, ko ka gama a shekara ta biyu ko ta biyar. Abin da zai canza shi ne za a nuna an kammala. Rajistar hukuma da kowa ke iya dubawa a intanet kuwa, ana cire sunanka wata uku bayan an rufe.

Ribar gamawa da wuri a wani wurin take: ƙarin albashi naka ne, aikin ƙarin lokaci naka ne, ba binciken shekara-shekara, ba neman izini, kuma gadon da ya zo bayan an rufe ba mai taɓa shi. Idan takardar shaidar kammalawa ta iso, ka aika kwafi ga kamfanonin da ke riƙe da kundin tarihin bashi, wato Experian da Equifax da TransUnion, ka duba kowane bashi an nuna ba a bin ka komai, kuma ranar gazawar biya da aka rubuta ba ta wuce ranar fara IVA ba. Idan wani ya sa ranar da ta zo bayan fara IVA, tabon zai daɗe fiye da yadda ya kamata, kuma kana da haƙƙin a gyara.

Bayan takardar kammalawa, akwai wanda zai iya dawo mini?

Waɗanda ke cikin yarjejeniyar ba za su sake bin ka ba. Amma akwai basussukan da tun asali ba sa shiga: jinginar gida, rancen karatu na gwamnati, tarar kotu, kuɗin ciyar da 'ya'ya. Sannan bashin haɗin gwiwa ko wanda wani ya tsaya maka, an yafe maka kai, ba a yafe wa matarka ko wanda ya tsaya maka ba, za a bi su ragowar.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. A 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila, a shari'ar Green da Wright, ta yanke cewa diyyar PPI, wato inshorar biyan rance da aka sayar wa mutane ba bisa ƙa'ida ba, da ta samo asali kafin yarjejeniyar tana iya zama ta masu bin bashi ko da an riga an ba da takardar kammalawa. Ma'ana, haƙƙin da kake da shi tun kafin ka shiga, kamar diyyar wani tsohon rance da aka zalunce ka a kai, yana iya bin tukunya. Don haka ka nemi a rubuta a cikin tayin abin da zai faru da irin wannan diyya idan ta zo daga baya. Takardar kammalawar kanta takan ɗauki makonni ko watanni kafin ta fito, ka riƙa tuntuɓa, kuma idan ta zo ka adana ta da kyau.

A Musulunci, ragowar da aka yafe ta sauka daga wuyana? Zan iya karɓar zakka don wannan?

Sulhu a kan bashi yana da asali. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta ce yafewa ta fi alheri. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ka'abu ɗan Malik ya bi Ibn Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyi suka tashi, Annabi (SAW) ya yi wa Ka'abu nuni ya sauke rabi, ya amsa, sannan ya ce wa wanda ake bi ya tashi ya biya. Wannan a kan bashin da lokacinsa ya riga ya yi ne. Rage bashin da lokacinsa bai yi ba don a gaggauta biya kuwa, malamai sun yi saɓani: mafi yawa, har da Malikiyya, sun hana, an ruwaito halasci daga Ibn Abbas, Ibn Taimiyya ya bi wannan, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi (OIC) ma ta halatta shi a 1992 idan ba a sharɗanta tun farko ba. Ka kai wa malamin da ka yarda da shi takardarka, ka bayyana masa cewa basussukan sun riga sun faɗo kafin a shiga yarjejeniyar, kuma wasu masu bin bashin doka ce ta ɗaure su ba su suka zaɓa ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ba abin da ya hana shi biyan ragowar uwar kuɗin don kansa idan Allah ya buɗa.

Zakka kuwa, waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin kaso takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Idan dangi ko masallaci za su ba ka daga zakka, su ma su riƙe kuɗin, su rubuta wasiƙar sharaɗi, su biya kamfanin kai tsaye bayan an amince.

Kamfanin da ke kula da ni ba ya amsa wasiƙa. Wa zan kai wa kuka?

Ka fara da rubutaccen ƙorafi zuwa ga kamfanin, da sunan ƙwararren da ke kan takardarka, ka ajiye kwafi da ranaku. Yarjejeniyoyi sukan koma hannun wani kamfani idan na farko ya sayar da harkarsa, don haka ka duba rajistar hukuma ka ga sunan wanda ke riƙe da taka yanzu. Idan ba a warware ba, hukumar Insolvency Service tana da ƙofar karɓar ƙorafi a intanet, ita ke miƙa shi ga ƙungiyar da ta ba ƙwararren lasisi.

Kafin ka aika tayi ma, yana da kyau wani da ba shi da kaso a tukunyar ya duba maka lissafin. StepChange, National Debtline da Citizens Advice duk suna yin wannan kyauta. Kada ka biya wani ɗan tsakiya don ya rubuta maka tayi, wasiƙa ce ta shafi ɗaya. Ka je musu da takardar yarjejeniyar, rahoton shekara na ƙarshe da mai kula ya aiko, takardun albashin wata uku, da adadin da mai taimakonka ya ce zai iya.